Furen Marigol da Tsutsar da ke Cin Saiwar Tumatir

Darasinmu na wannan fitowa na masu lambu ne, maza da mata, a Arlit da Akokan, da mazauna bakin rijiyoyi na wajen Imuraren, da duk wanda ke da ɗan fangali a bayan ɗakinsa.

Ga abin da yakan faru. Mutum ya dasa tumatir a farkon sanyi. Ya zuba taki, yana ban ruwa safe da yamma. Da fari shuka ta yi kyau. Bayan wata guda sai ta tsaya cik. Ganye ya soma yin rawaya. Idan rana ta take, sai shukar ta langaɓe kamar ba a ba ta ruwa ba, alhali ƙasa da laimarta. Da yamma ta ɗan farfaɗo, gobe kuma ta koma. Mai lambu ya ƙara ruwa, ya ƙara taki, ya sayo maganin feshi a kasuwa, duk a banza. Ƴaƴan da ya tsinka ba su cika kwano ba. Wasu sai su ce kambun baka ne. Ba kambun baka ba ne. Ciwon yana ƙarƙashin ƙasa, inda feshi ba ya kaiwa.

Irin wannan hasara tana da zafi a ƙasarmu fiye da ta kudu. A yawancin shekaru, ruwan saman da ke sauka a Arlit ba ya kai milimita 100. Kowane ɗigon da aka ba shuka, daga ƙarƙashin ƙasa ya fito, kuma da kuɗi ko da gumi aka same shi. Ban da haka, albashi ya ragu a gari. Kamfanin COMINAK ya rufe mahaƙarsa ta Akokan ran 31 ga Maris 2021, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da ƴan kwangila. A Imuraren, kilomita 80 kudu da Arlit, an gano uraniyom tun 1966, an ba da izinin haƙa a 2009, aiki ya tsaya kafin a fara fitar da ma'adinin, sa'an nan a watan Yuni 2024 gwamnati ta janye izinin daga kamfanin Orano na Faransa. Saboda haka gidan da ke samun kayan miya a fangalinsa ya rage wa kansa babban nauyi. Gidan da fangalinsa ya lalace kuwa ya yi hasara biyu: ba ruwa, ba miya.

Mene ne ke cin saiwar?

Ku tumɓuke shuka ɗaya mara lafiya. Ku sa hauya ku ɗago ta da ƙasarta, kada ku fizge. Ku wanke saiwar cikin ruwa, ku duba. Saiwa mai lafiya fara ce, siririya, mai gashi-gashi da yawa. Idan kuka ga ta kumbura, ta yi ƙullutu jere kamar ƴaƴan tasbaha, to kun kama ɓarawon.

Wata tsutsa ce ƙarama ƙwarai. Masana suna kiran ta nematod. Mu a nan za mu kira ta tsutsar saiwa. Tsawonta lokacin da take yawo cikin ƙasa bai kai rabin milimita ba, ido ba ya ganin ta sai da madubin likita. Tana huda saiwa ta shiga, ta zauna wuri ɗaya tana tsotso. Wurin sai ya kumbura. Hanyoyin da ruwa da abinci ke bi su hau zuwa ganye sai su toshe. Shi ya sa shuka ke jin ƙishirwa cikin ruwa.

Macen tsutsar tana yin ƙwai ɗaruruwa. A ƙasa mai ɗumi, cikin mako uku zuwa huɗu ƙwan ya ƙyanƙyashe, ya girma, shi ma ya yi nasa ƙwan. Ku lissafa da kanku yawan da za su kai cikin wata huɗu na noman rani. Abu uku take so: ƙasa mai yashi, ɗumi, da ban ruwa kullum. Wato lambunanmu ke nan. Ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, sun daɗe suna samun ta a lambunan kayan miya na Nijar.

Tana cin tumatir, kuɓewa, yalo, tattasai, karoti, salati, kankana da kokombur. Albasa, tafarnuwa, alkama, masara da gero ba ta cika samun yadda take so a kansu ba.

Ku lura da abu ɗaya, kada ku yi wa mai gaskiya sharri. Saiwar wake da ta gyaɗa su ma suna da ƴan ƙullutu, amma waɗannan na alheri ne, taki suke ƙara wa ƙasa. Ga yadda ake bambantawa: na alheri a gefen saiwa suke manne, idan ka murza da yatsa sai su faɗi. Na tsutsa kuwa jikin saiwar ne da kansa ya kumbura, ba ya ɓamɓaruwa.

Furen da muke magana

Mai yiwuwa kun taɓa ganin sa a ƙofar ofis, ko a farfajiyar makaranta, ko wajen masu sayar da furanni a Agadas da Yamai. Furensa rawaya ne, ko ruwan lemu, wani lokaci da ɗigon ja. Ganyensa a tsattsage yake, idan ka murza yana da wari mai ƙarfi. Turawan Ingila suna ce masa marigol, masana kuma suna ce masa tajet, kuma da wannan suna ne malaman gona namu suka fi sanin sa.

Asalinsa ƙasar Meziko ne. Mutanen can suna noman sa tun kafin zuwan Turawa, har yau kuma da shi suke ƙawata kaburburan danginsu a ranakun 1 da 2 ga Nuwamba. Mutanen Sifen ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga nan ya bazu. A Indiya gonaki ake yi nasa, ana kitsa furen a rataya a wuya ranar biki. Wanda ya taɓa kallon fim ɗin Indiya ya san shi, ko da bai san sunansa ba.

Iri biyu aka fi samu. Akwai dogo, mai kai wa mutum ƙugu, mai babban fure kamar dunƙulen hannun yaro. Akwai gajere, wanda ba ya wuce gwiwa, mai ƙananan furanni da yawa. Duka biyu suna da kyau a tsakar gida. Amma don yaƙi da tsutsar saiwa, gajeren aka fi amincewa da shi.

Yaya yake aiki? Tsutsa tana shiga saiwarsa kamar yadda take shiga ta tumatir. Amma a ciki ba ta iya girma, ba ta iya yin ƙwai. Saiwar tana da wani sinadari mai kashe ta. Masana a ƙasar Holan sun nuna a 1957 cewa shuka wannan fure yana rage tsutsotsin saiwa cikin ƙasa, shekara guda bayan haka aka gano sinadarin. Ke nan furen tarko ne. Ƙwan da ke cikin ƙasa ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito neman abinci, ba ta sami komai ba sai marigol, ta shiga, ta mutu ba magaji.

Kuskuren da aka fi yi

A nan muke so ku karanta a hankali, don nan ne mutane da yawa ke yin aikin banza.

Wani zai ji labarin furen, sai ya dasa guda huɗu a kusurwar fangali, tumatir na tsakiya, ya ce ya yi magani. Bai yi ba. Tsutsa ba ta da nisan tafiya. Wadda ke gindin tumatir ba za ta bar abinci mai daɗi ta tafi neman guba a kusurwa ba. Tarko ba ya kama ɓera idan an bar masa rumbu a buɗe.

Wani kuma zai busar da furen, ya daka, ya barbaɗa. Wannan ma ba shi ne aikin ba. Saiwa mai rai, cikin ƙasa, ita ce ke yin aikin.

Hanyar da aka tabbatar ita ce: a shuka marigol shi kaɗai, ya cika fangalin duka, kafin a dasa tumatir, a bar shi ya yi wata biyu cur, in da hali uku. Tazara tsakanin shuka da shuka kada ta wuce santimita 20, wato kimanin taƙi ɗaya na hannun babba. Kuma a riƙa cire ciyawa. Ciyayi da yawa suna ciyar da tsutsar. Idan an bar su, an buɗe mata wani rumbun.

Lokacin shuka da lissafin ruwa

Yawancinmu muna dasa tumatir a ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba. Saboda haka a shuka marigol daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba. A lokacin tsananin zafin Mayu da Yuni ya wuce, amma ƙasa na da ɗumi, tsutsa na motsi, tarko zai kama. A tsakiyar hunturu ƙasa ta yi sanyi, tsutsa ta lafa, aikin furen ba ya yin ƙarfi.

Yanzu mu yi lissafi, tun da mun koyi lissafi. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 5. Idan tazara santimita 20 ce, za a sami layi 5, kowane layi shuka 25. Biyar sau ashirin da biyar, 125 ke nan. Giram ɗaya na irin yana da ƙwaya kimanin 300. Ashe giram ɗaya ya ishi fangalin, har da na cike gurbi.

Ruwa fa? Ba za mu ɓoye muku ba, nan ne tsadar take. Irin wannan fangali zai sha bido ɗaya zuwa biyu na lita 25 a kowace rana. Cikin kwana 60, bido 60 ke nan zuwa 120, a kan shukar da ba za ta shiga tukunya ba. A ganinmu, wanda ruwa ke yi wa wuya kada ya yi wa lambunsa duka. Ya zaɓi fangalin da ya fi lalacewa bara. Kafin wannan ma, ya fara da wurin da yake renon dashe. Wurin ƙarami ne, ba ya cin ruwa, kuma shi ne ƙofar cutar: dashen da ya kamu tun yana ƙarami shi ke kai tsutsa ko'ina cikin lambu. Wanda kuma ke sayen dashe a hannun wani, ya duba saiwa kafin ya biya. In ya ga ƙullutu, ya bar wa mai shi kayansa.

Yadda ake shukawa

Irin siriri ne, baƙi, kamar guntun tsinke, da ɗan farin gashi a kai. A kaftu ƙasa, a gauraya ta da ruɓaɓɓen takin awaki ko na raƙumi, ba mai yawa ba. Taki in ya yi yawa, ganye zai yi ta yi, fure ya ƙi. A jiƙa fangali, a ja layi da yatsa, a sa iri, a rufe da ƙasa kaɗan, zurfin bai kai gaɓar yatsa ba. A lulluɓe da ƴar busasshiyar ciyawa saboda rana. Cikin mako guda zai tsiro, sai a janye ciyawar. In ya yi ganye huɗu, a rage inda ya cunkushe, a cike inda ya yi giɓi. Yana karɓar dashe ba gardama, in an yi da yamma.

A zuba ruwa a gindi. Iskar nan tamu mai yashi tana karya dogon iri, don haka a yi masa kariya da zana ko darni ta gefen da iska ke fitowa. Fure yakan fara fitowa bayan kwana 45 zuwa 60.

Akwai gwaji ɗaya da bai kamata a tsallake ba. Ba kowane irin marigol ne ke kashe kowace tsutsa ba. Bayan mako shida, ku tumɓuke guda uku daga wurare dabam-dabam, ku wanke saiwa. In tana sumul, irinku mai kyau ne. In ta yi ƙullutu, wannan iri bai dace da ƙasarku ba, ku nemi wani, ku kuma nuna wa malamin gona.

Idan wata biyu ko uku sun cika, a sassare shukar, a daddatsa, a binne cikin fangalin ta zama taki. A ba shi ruwa, a jira mako biyu, sa'an nan a dasa tumatir.

Abin da furen ba ya yi

Ba ya ƙarar da tsutsa, rage ta yake yi. Kariyarsa ta shuka ɗaya ce. Da tumatir ya shiga, ƴan kaɗan da suka rage za su sake hayayyafa. Saboda haka a riƙa juya shuka: bana tumatir, baɗi albasa ko alkama ko masara, kamar yadda masu garka na Timiya da Tabelot da Iferwan suka saba haɗa hatsi da kayan miya. Bayan girbi kuma a tono saiwoyin da suka kumbura a ƙone su. Kada a zuba su cikin ramin taki. A kankare ƙasar da ke jikin hauya kafin a shiga wani fangali.

Akwai wata dabara da ta dace da mu, don rana ce makaminta, ita kuwa ba mu rasa ta ba. A watan Mayu ko Yuni, a jiƙa fangali sosai sau ɗaya, a shimfiɗa farar leda wadda ake gani ta cikinta, a danne gefenta da ƙasa, a bar ta mako huɗu zuwa shida. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashi yana kashe tsutsa da ƙwanta a saman ƙasa. Wanda ya yi wannan da bazara, ya bi da marigol a Agusta, ya yi wa fangalinsa gata.

Marigol ba ya hana tsutsar nan mai huda ganye da ƴaƴan tumatir, wadda ta yi wa manoman Kano da Kaduna mummunar ɓarna a 2016. Game da farin ƙuda, masana a jami'ar Niyukasil ta Ingila sun nuna a 2019 cewa warin furen yana rage shi a kan tumatir. Amma cikin ɗakin gilas aka yi gwajin, ba a fili mai iska kamar namu ba. Dasa ƴan furanni a gefen fangali ba laifi ba ne, suna jawo zuma da ƙwari masu cin ƙwarin ɓarna. Sai dai a riƙa leƙa bayan ganyensu. Jan gizo-gizo, ɗan mitsitsin ƙwaron nan mai saƙa a kan ganye lokacin zafi da fari, yana son marigol, kuma daga nan yakan tsallaka kan tumatir. Shukar da ta kamu, a cire ta a ƙone.

Wasu na cewa furen yana korar sauro daga gida. Kada ku yarda da wannan har ku naɗe gidan sauro. Yara da mata masu ciki su ci gaba da kwana cikinsa.

Gargaɗi na lafiya

A kasuwa za a iya nuna muku wani magani mai ƙwaya-ƙwaya da ake barbaɗawa a gindin shuka, karbofuran, wanda aka fi sani da Furadan. Guba ce mai tsanani. Kaɗan ya isa ya kashe yaro, ko akuya, ko kaji, kuma a ƙasa mai yashi yana iya bin ruwa ya sauka rijiya. Ƙasashen ƙungiyar CILSS, har da Nijar, sun haramta shi tun 2015. Kada ku saya, ko da an yi muku araha.

Gargaɗi na biyu namu ne na garuruwan uraniyom. A 2003 masu bincike na ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa sun sami ƙarafa masu gubar ma'adini a kasuwar Arlit. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta ɗebi ruwa a wuri biyar a yankin, aka auna, huɗu suka nuna uraniyom fiye da iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha. Saboda haka kada a yi shuka cikin tsohon duro ko bututun da ya fito daga mahaƙa. Kada a ɗebo ƙasa ko duwatsu daga kusa da tudun sharar ma'adini a kawo gida. Kuma kada wani ya ce muku marigol zai tsabtace irin wannan ƙasa ko ruwa. Ba a dogara da shi a wannan.

Ruwan jikin ganyen yakan sa wasu ƙaiƙayi. A wanke hannu bayan aiki, kada a murza ido.

A tsakar gida

Uwar gida da ba ta da lambu ita ma tana iya shuka shi don ƙawa. Tsohuwar tukunyar ƙasa, ko bidon mai da aka yanke aka wanke, ya isa. A huda gindinsa don ruwa ya fita. A ajiye inda rana ke samun sa da safe, inuwa ta rufe shi da azahar. Ba sai an taɓa ruwan sha ba: ruwan alwala, da na wankin shinkafa ko kayan miya, sun wadatar. A guji ruwan da ke da omo ko jabel. Idan fure ya bushe a tsinke shi, wani zai fito. Mai kaji ta riƙa watsa musu ƴan furanni cikin dusa. Manyan gidajen kaji na duniya suna sa garin furen cikin abinci don gwaiduwar ƙwai ta yi ja.

Ajiye iri

Ba sai an sayi iri kowace shekara ba. Kafin a sare fangali, a bar shuka goma mafi lafiya a gefe, daga irin da ya ci gwajin saiwa. A bar furensu ya bushe a kan kara har ya zama ruwan ƙasa. A tsinke, a murza, irin zai zubo. A shanya shi a inuwa kwana uku. A zuba cikin takarda, a sa cikin kwalba mai murfi, a ajiye a ɗaki mai sanyi nesa da murhu. A rubuta a jikin takardar sunan irin, gajere ne ko dogo, da watan da aka tsinke shi, da shekarar.